Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Ƙasa da manyan hafsoshin Nijar kan baƙon da ya mutu a dajin Dangarus

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Shugaban Ƙasa, Janar Abdurrahman Tiani, da manyan hafsoshin da ke riƙe da ragamar ƙasa tare da kai, ranku ya daɗe. Allah ya ba ku ikon sauke nauyin da kuka ɗauka.

Ni tsohon malamin dabbobi ne. Shekara 30 da 'yan kai na yi ina bin garke da allura da akwatin ƙanƙara, daga Filinge zuwa Abala, daga Abala zuwa Banibangu, wani zubin har bakin iyakar Mali. Na kwana a rugar Fulani, na kwana a tantin Buzaye, na sha fura a zauren Bazabarme. Ban taɓa riƙe bindiga ba, don haka ba zan koya muku aikinku ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani mutum da ban taɓa sa wa ido ba, amma ya raba ni da rabin mutanen da na sani a daji. Shi ne wanda ake kira Adnan Abu Walid al-Sahrawi, shugaban mayaƙan Da'ish, wato IS, a yankinmu na Sahel. Ya mutu tun 2021, ga shi har yau muna binne mutane saboda abin da ya shuka. Ina so in tuna muku yadda ya zo da abin da ya tarar a gidanmu, domin ina jin tsoron abin nan da ya tarar yana nan yadda ya bar shi.

Ranka ya daɗe, kai ɗan ƙasar Filinge ne. Garuruwan da zan ambata ka san su, ka san ranakun kasuwarsu. Shi ya sa na yi ƙarfin halin rubuto maka kai tsaye.

Shi wannan al-Sahrawi, sunan yankansa Lahbib. An haife shi a 1973 a La'ayun, babban birnin Yammacin Sahara, kusa da gaɓar teku. Yana ƙaramin yaro Sifaniya ta tattara nata ta bar ƙasar, Maroko ta shiga. Da ya tasa sai ya tsallaka zuwa sansanonin 'yan gudun hijira na Tinduf a Aljeriya, ya shiga ƙungiyar Polisario mai neman 'yancin Yammacin Sahara, ya yi karatun jami'a a birnin Ƙusantina. Wajen 2010 ya gangaro arewacin Mali ya shiga cikin mutanen Alƙa'ida. Tsakanin mahaifarsa da Abala akwai fiye da kilomita 2,000. Ba shi da kaka a nan, ba shi da gona, ba shi da ko akuya ɗaya. Ba a taɓa cin gonarsa ba, ba a taɓa kore masa saniya ba. Duk rigimar da ke tsakaninmu babu wadda ta shafe shi.

Da aka kafa MUJAO, wata ƙungiyar masu iƙirarin jihadi, a 2011 ya zama bakinta, shi ke magana da 'yan jarida. A watan Yunin 2012 suka kori Buzaye 'yan tawayen MNLA daga Gawo ta arewacin Mali, garin ya koma hannunsu, shi kuma ya zama ɗaya daga cikin masu faɗa a ji a majalisarsu. A dandalin tsakiyar gari suka riƙa yanke hannuwan talakawa da sunan shari'a. Akwai ranar da matasan Gawo suka cika dandalin suka hana a yanke hannun wani, a watan Agustan shekarar, kuma ina ambaton wannan ne don a san cewa tun farko akwai masu cewa a'a da hannu wofi. A ƙarshen 2012 wani ɗan Nijar, Hisham Bilal, wanda yake jagorantar runduna a cikinsu, ya ajiye makami ya dawo gida, ya faɗa wa duniya cewa manyan ƙungiyar masu fataucin ƙwaya ne, kuma baƙar fata ba a bakin komai yake ba a wurinsu, shi ake turawa gaba ya mutu. Mun ji maganar a lokacin, muka wuce ta.

Faransa ta shigo Mali a Janairun 2013, aka kore su daga Gawo. Wata huɗu bayan haka, ranar 23 ga Mayu, motoci maƙare da bam suka tashi a barikin sojan Agadas da ma'adinar uraniyom ta Arlit, kuma shi wannan mutumin ne ya fito ya ce aikinsu ne. Daga nan suka haɗe da mutanen Muktar Balmuktar a ƙarƙashin sunan Al-Murabitun. A Mayun 2015 ya yi gaban kansa ya yi mubaya'a ga Abubakar al-Bagadadi, shugaban Da'ish. Balmuktar ya ce ba da yawunsa ba, tafiyar ta rabu. Su kansu mutanen Da'ish ba su kula shi ba sai a Oktoban 2016.

Ranku ya daɗe, a nan nake so ku tsaya ku dubi mutumin nan da kyau. Baƙo ne, abokan tafiyarsa sun juya masa baya, waɗanda ya yi wa mubaya'a sun yi shekara da rabi ba su amsa sallamarsa ba. Tsirarun mutane ne tare da shi, yana laɓe a ƙungurmin dajin da ke tsakanin Menaka ta ƙasar Mali da iyakarmu. Yaya aka yi cikin shekara huɗu ya samu rundunar da za ta auka wa barikin Inates da rana tsaka?

Zan ba ku amsa da abin da idona ya gani.

Wata shekara da sanyi, tun kafin a san wani abu wai shi MUJAO, muka sauka a bakin wata rijiya arewa da Abala don yin allurar ciwon huhu. Wani Bafulatani da na sani ya kawo garkensa. Bara waccan na ƙirga masa shanu 60 da wani abu, yana nan a littafina. Ran nan tara ya kawo. Na tambaye shi ko cuta ce, ya ce a'a, mutane ne suka zo daga tsallaken iyaka da bindigogi, suka harbe ƙanensa a bakin garke, suka kora dabbobin. Sau uku yana kai ƙara inda ake kai ƙara. Rago ya sayar ya yi kuɗin mota. Amsar da ya samu ita ce, abin da ya tsallaka iyaka ya fi ƙarfinsu. Daga baya ya ga saniyarsa guda a wata kasuwa, da shaidar gidansu a kunnenta, a hannun dillali, ya nuna ta, aka ce ya kawo takarda. Yana ba ni wannan labari ɗansa na riƙe da igiyar maraƙin da nake yi wa allura, yaro ɗan shekara 12 ko 13, bai ce uffan ba, idonsa na kan ubansa. A 2012 na ji labarin yaron ya tafi Gawo. Da na gamu da uban na yi masa jaje, sai ya sunkuyar da kai ya ce mini yaron ko izu ɗaya bai haɗa ba, ba addini ya je nema ba, bindiga ya je nema.

Irin wannan yaro ɗaruruwa ne. Tun tawayen shekarun 1990 makamai suka yawaita a hannun wasu daga cikin Buzaye da makiyayan ƙabilar Dawsahak na yankin Menaka, satar shanu ta zama sana'a, Fulanin arewacin Tilabere kuma suka rasa wanda zai share musu hawaye. Ta kudu gonaki na cinye burtali da makiyaya, domin jama'a na ƙaruwa ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. Ta arewa ga masu kora. Da 2012 ta zo, MNLA ta samu makaman Libiya, sai tsoro ya ƙaru, matasa suka nufi duk inda za a ba su horo da bindiga. Dundu Cefu da Iliyasu Jibo, wanda aka fi sani da Peti Cafori, waɗanda suka zama manyan kwamandojin al-Sahrawi, ba daga La'ayun suka zo ba. 'Ya'yan ƙasar nan ne, makiyaya ne kafin su zama abin da suka zama. Hausawa sun gama magana da suka ce da ɗan gari akan ci gari.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba Fulani kaɗai suka bi shi ba, akwai Dawsahak, akwai Larabawa, akwai Zabarmawa. Mafi yawan Fulani kuma ba su bi shi ba, su ne ma suka fara ɗanɗana kuɗarsa, domin arɗo ko hakimin da ya ƙi miƙa wuya shi ake fara ɗaukewa. Ba kuma ina wanke wanda ya ɗauki bindiga ya kashe bayin Allah ba ne. Wanda ya yanka manomi a gonarsa mai laifi ne ko da an taɓa kore masa shanu dubu. Abin da nake faɗi shi ne, mutumin nan ya iya karanta mu fiye da yadda hukumominmu suka karanta mu. Ya zauna da mutane a gindin itace. Ya yi aure a cikinsu. Wanda aka sace wa saniya ya kai ƙara wurin mutanensa, cikin kwana kaɗan a maido masa da abarsa, ba kuɗin mota, ba kawo takarda. Saurayin da ba shi da sadaki aka ba shi babur da bindiga, ya wayi gari dattawan da ke aikensa jiya suna gaishe shi.

Sai da ya kafu sannan farashin ya fito. Zakkar da muka karanta a littattafan Malikiyya ɗan maraƙi ɗaya ce cikin shanu 30, sau ɗaya a shekara, a ba wa mabuƙata. Tasu zakkar ba ta da nisabi ba ta da shekara: wannan ayari ya zo ya karɓa, bayan wata biyu wani ya zo, su zaɓi bijimin da ya fi kowanne ƙiba. Wanda ya yi gardama a kore garken duka, wato abin nan dai da mutane suka gudu dominsa. Suka rufe makarantu, suka kori malamai, suka kashe masu gari da limamai. Mai gadin da aka kira ya zama mai gidan. 'Yan'uwanmu na Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato sun san irin wannan labari a hannun Lakurawa, waɗanda su ma da sunan kariya daga ɓarayin shanu suka fara shigowa.

Yanzu bari in zo kan namu laifin, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A 2017 da 2018 gwamnatin wancan lokaci da rundunar Barkan ta Faransa suka haɗa kai da ƙungiyoyi biyu masu ɗauke da makamai na Mali, MSA ta Dawsahak da GATIA ta Buzayen Imgad, aka ba su dama su yi farautar 'yan ta'adda a kan iyaka har cikin ƙasarmu. A takarda dabara ce mai kyau: sun san daji, sun san hanya. Amma duk wanda ya taɓa kwana a ruga ya san abin da hakan ke nufi. An ɗauki mutanen da ake zargi da kore shanun jiya an ba su izini da mai da goyon bayan jirgi. Aka ƙona rugage, aka kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, ɗaya ɓangaren ma ya rama a kan tantunan Dawsahak, mata da yara suka biya. Duk gawar da ta faɗi a ruga, al-Sahrawi ya samu sababbin mayaƙa daga danginta ba tare da ya yi wa'azi ba. Daga baya an janye daga wannan haɗin kai, amma aikin gama ya gama.

Abin da ya biyo baya kun fi ni saninsa, domin ku kuka binne yaranku. Ranar 4 ga Oktoban 2017 aka yi kwanton ɓaunar Tongo Tongo, sojojin Amurka huɗu suka mutu tare da namu, sai ga sunansa a bakin duniya, har Amurka ta sa ladan dala miliyan 5 a kansa a 2019. Ranar 10 ga Disamban 2019, Inates, soja 71. Wata guda bayan haka, 9 ga Janairun 2020, Cinagodar, soja 89. Na tuna hotunan gawarwakin Inates jere a Yamai, kowace an lulluɓe ta da tutar ƙasa. Yawancinsu sa'o'in 'ya'yana ne. Bayan kwana huɗu da Cinagodar shugabannin Sahel suka zauna da shugaban Faransa a garin Po na Faransa, aka ayyana ƙungiyar al-Sahrawi a matsayin maƙiyi na ɗaya. A cikin wannan shekarar dai binciken kuɗi ya bankaɗo cewa an yi sama da faɗi da fiye da miliyar 70 na sefa a kwangilolin sayen kayan yaƙi. Yara na mutuwa a ramukan tsaro, wasu na gina benaye da kuɗin harsashinsu.

Akwai kuma wata magana mai ɗaci da ba na jin daɗin faɗi, amma in na ɓoye ta wasiƙar nan ba ta da amfani. A Satumban 2020 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wato CNDH, hukumarmu ce ba ta wata ƙasa ba, ta fitar da rahoton bincike kan mutum 102 da suka ɓata a yankin Inates da Ayoru a watannin Maris da Afrilu na shekarar. Ta ce ta tono gawa 71 a ramuka shida, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu daga cikin jami'an tsaro. Na san zafin da soja ke ji idan ya kwashe gawar abokinsa. Na san ba rundunar duka ba ce. Amma mutanen nan suna da iyaye da mata da 'ya'ya, kuma 'ya'yan sun girma yanzu, sun kai shekarun ɗaukar bindiga. Me aka faɗa musu game da iyayensu? Wa ya je ya yi musu gaisuwa da sunan ƙasa?

Daga nan sai ƙungiyar ta juya kan talakawa gaba ɗaya. A Kure, wurin raƙuman dawa, ranar 9 ga Agustan 2020 suka kashe ma'aikatan agaji Faransawa shida da direbansu da ɗan jagoransu, 'yan Nijar biyu. Da ƙauyukan Zabarmawa suka gaji da zakkar ƙarya suka fara tara bindigogi, sai ramuwar ta zo a kan kowa. Ranar 2 ga Janairun 2021, Comabangu da Zarumdarai, fiye da mutum 100. Ranar 15 ga Maris, 'yan kasuwa masu komawa gida daga kasuwar Banibangu, 58. Bayan kwana shida, ƙauyuka da zangon makiyaya a yankin Tiliya ta jihar Tawa, 137, akasarinsu Buzaye. Ranar 16 ga Agusta, Darai-Dai, mutum 37, suna cikin gonakinsu da damina. Cikin waɗanda suka mutu a hanyar Banibangu akwai waɗanda na sani da fuska, masu kawo awaki kasuwa su sayi gero su koma.

Washegarin Darai-Dai, 17 ga Agustan 2021, jirgin Faransa marar matuƙi ya hango babur ɗauke da mutum biyu a dajin Dangarus, kusa da Indeliman a ƙasar Mali, ya sakar masa wuta. Ɗaya daga cikinsu al-Sahrawi ne. Yana da shekara 48. Sai da aka yi wata guda ana tantancewa kafin shugaba Makron ya ba da sanarwa a daren 15 wayewar 16 ga Satumba, ya kira abin babbar nasara. Ministar tsaronsu ta ce ƙungiyar ta kashe farar hula tsakanin 2,000 da 3,000 tun daga 2013.

Da safiyar Alhamis ɗin nan ina zaune a teburin mai shayi a bakin tasha, rediyo na rataye a jikin rumfa. Da aka karanta labarin wasu samari suka yi kabbara. Ni ma na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba, domin azzalumi ne. A gefena akwai wani dattijo ɗan gudun hijira daga arewa, yana tsoma burodi a shayi. Bai ɗaga kai ba. Da aka matsa masa ya ce wani abu, sai ya ce shi bai taɓa ganin Balaraben nan ba, waɗanda suka zo suka ƙona masa rumbu ya san sunan uban kowane ɗaya daga cikinsu, kuma bai ji an ce ko ɗaya ya mutu ba. Rumfar ta yi tsit.

Dattijon ya fi masu sanarwa gaskiya. Ba a cika wata biyu da sanarwar ba, ranar 2 ga Nuwamba, aka yi wa 'yan banga kwanton ɓauna a Adab-Dab, mutum 69 suka mutu har da magajin garin Banibangu da ke jagorantarsu. Wani Basahrawin ya hau kujerar mamacin. A Maris 2022 Da'ish ta ɗaga darajar ƙungiyar ta mai da ita lardi mai zaman kansa, a watan nan kuma suka yi wa yankin Menaka kisan da ya fi na zamanin mai gidansu muni. Sojojin Faransa sun bar ƙasarmu a ƙarshen 2023, na Amurka sun bi bayansu a 2024. Ranar Juma'a 21 ga Maris 2025, cikin azumi, aka kewaye masallacin Fambita a gundumar Kokoru aka kashe masallata 44, ku da kanku kuka ba da kwana uku na makoki. Wanda ya kashe al-Sahrawi ya tafi, shi ma ya tafi, abin da ya dasa kuwa yana nan yana 'ya'ya.

Ku yi mini haƙuri in kawo misali daga sana'ata, ita kaɗai na sani. Ciwon bushiya da ya ƙarar da shanun kakanninmu shi ma baƙo ne. Da shanun da Italiyawa suka shigo da su gabashin Afirka ya zo wajen 1887, cikin 'yan shekaru ya iso nan ya share garkuna. A 1962 aka fara gagarumin gangamin allura daga yankin tafkin Cadi, aka yi shekaru ana yi, cutar ta kwanta, aka yi murna, aka naɗe kaya, aka daina bin 'yan maruƙan da ake haifa. A farkon shekarun 1980 ta dawo ta yi ɓarnar da tsofaffin makiyaya ba sa son tunawa. Ba a rabu da ita ba sai da aka koma aka bi garke ɗaya bayan ɗaya, rijiya bayan rijiya, shekara da shekaru, ana yi wa kowane maraƙi allura ana huda masa kunne, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya a 2011. Kuma wallahi ba mu taɓa samun garke da ƙarfi ba. Makiyayin da bai yarda da kai ba zai kai rabin shanunsa bayan tudu ya ɓoye, ka yi wa rabi allura ka tafi kana murna, cutar na kwance a sauran.

Ina jin jawabanku kan hannun ƙasashen waje a cikin wannan masifa. Ba na musun cewa akwai baƙin hannu, ai mutumin da nake magana a kansa baƙo ne, magajinsa ma baƙo ne, makaman ma daga waje suka shigo. Amma ina roƙonku kada wannan magana ta rufe mana ido daga ɓangaren da ke hannunmu, domin shi ne kaɗai za mu iya gyarawa ba tare da jiran kowa ba.

Babban abin da nake roƙo ya shafi saniya, kuma na san wani zai ga kamar ƙaramar magana ce a gaban manyan hafsoshi. Da can uzurin da ake ba makiyayi shi ne iyaka. Yau Nijar da Mali da Burkina Faso suna cikin ƙawance guda tun Satumban 2023, kun kuma ba da sanarwar kafa rundunar haɗin gwiwa. To, yadda soja zai tsallaka iyaka ya bi ɗan ta'adda, haka ya kamata ƙarar mai saniya ta iya tsallakawa. A samu alƙalai masu yawo da za su zauna a kasuwannin dabbobi ranar kasuwa, tare da wakilan Fulani da Buzaye da Dawsahak da Zabarmawa da Hausawa, waɗanda suka san shaidar wuta da tsagar kunnen kowace zuriya. Dabbar da aka kora ba ta tashi sama, kasuwa take zuwa, dillali ke karɓar la'adarta, babbar mota ke ɗaukarta zuwa kudu. Da kuɗin nan ake sayen mai da harsashi. Ranar da talaka ya ga hukuma ta maido masa da saniyarsa ba tare da ya sayar da rago ba, ranar kotun gindin itace ta fara rasa masu kai ƙara. Haka manomin da aka cinye wa gona, shi ma ya samu diyyarsa a wannan zama, a gaban kowa.

Sai maganar 'yan banga da 'yan sa-kai. Na fahimci mutumin da aka kashe wa iyali ya ce a ba shi bindiga ya tsare ƙauyensa, da ni ne ma wataƙila haka zan ce. Amma mun gwada a 2018 da hannun wasu, mun gani a Adab-Dab da hannunmu, muna kuma ganin abin da ke faruwa a Burkina Faso tun da aka kafa nasu a 2020. Bindigar da aka ba ƙauye ɗaya, ƙauyen da ke kusa da shi ke fara jin tsoronta, wanda ya ji tsoro kuwa ya san inda zai je neman tasa. In ana buƙatar matasan yankin, kuma ana buƙatarsu, a ɗauke su aikin soja da jandarma da kakin ƙasa da lamba da shugaba mai hukunta su, daga kowace ƙabila, a haɗa su a tanti guda. Yaron ruga ya ga ɗan'uwansa da kaki a shingen bincike, ya ji an gaishe shi da Fulatanci.

A Janairun 2023 al'ummomin Banibangu sun zauna sun sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a tsakaninsu. Ba gwamnatinku ta fara ta ba, amma ba ta wata gwamnati ba ce, ta mutanen da suka binne 'ya'yansu ce. Ku riƙe ta, ku aika a duba abin da aka cika da abin da ba a cika ba. Ku buɗe fayil ɗin Inates, ko da a kotun soja ne, iyalai su ji hukunci. Ku bar ƙofa a buɗe ga yaran da suka gaji suna son fitowa, kamar yadda aka yi wa tubabbun Boko Haram a Gudumariya, domin da yawansu sun gane cewa Hisham Bilal gaskiya ya faɗa, tsoron abin da zai same su a hanya ne ya riƙe su.

Bafulatanin nan mai shanu tara yana nan da rai. Yana zaune a bayan gari cikin bukkar leda da awaki uku, waɗanda ɗansa ya bi su ne suka kore sauran shanun da sunan zakka. Bai san ko yaron na raye ba. In ya shigo kasuwa wasu na nuna shi da baki, in an yi kame yana cikin waɗanda ake fara tambaya. Duk ranar kasuwa yakan biyo ta gidana mu sha shayi, ba ya roƙona komai.

Ina da tsofaffin littattafan allura guda 11 a cikin akwatin ƙarfe. A ciki akwai sunayen rijiyoyi, da burtalin da gonaki suka cinye da shekarar da aka cinye su, da zanen shaidar dabbobin kowace zuriya tun daga Filinge har iyaka, na zana su da hannuna. Akwai ire-irena da yawa da suka yi ritaya a Walam da Ayoru da Tawa, kowa da nasa akwatin. In kun kafa zaman kasuwar nan, ku aiko a karɓa, mu ma in ƙafa ta yarda za mu zo mu zauna.

Allah ya jiƙan sojojinmu da talakawanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin dabbobi, daga ƙasar Filinge.